Yadda Za Ka Hana Surukarka Fitar Maka Da Tankin Kifi Saboda Tauraro Mai Hannu Shida

Idan ka bi abin da zan gaya maka a nan, tankin gilashinka na kifin ado zai zauna daram a falo, ko da gidan na surukarka ne, ko da ta riga ta nuna maka inda za ta jera kwalaben barkononta ranar da aka fitar da shi. Ban ce wataƙila ba. Na gwada da kaina, kuma tankina yana nan, yanzu haka ma ina jin gunjin famfonsa.

Sunana Trifon. Walda nake yi a wurin gyaran jiragen ruwa a nan garinmu Burgas, a bakin teku. Makaranta ta sallame ni da wuri, ni ma ban roƙe ta ba. Amma maganar 'yan ƙananan taurarin teku da suke fitowa a jikin gilashin tankin ruwan gishiri, ba wanda zai zaunar da ni ya koya mini. Ina zaune da matata Denitsa a gidan mahaifiyarta, Inna Latinka, a hawan ƙarshe na benen da sai da ƙafa ake hawansa. Ka riƙe wannan: gidan nata ne, tankin nawa ne. Duk rigimar daga nan ta taso.

Mataki na 1: Ka san abin da ya shigo maka gida

Wata safiya za ka tashi ka ga wani abu fari manne a gilashi, bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Kada ka sa hannu ka goge, ba majina ba ce. Tauraron teku ne, 'yar halittar ruwa mai rai. Ba kai ka saye shi ba, ɓoyewa ya yi a ramin dutsen da ka sayo, kamar baƙon da ya biyo wani baƙon.

Ka duba shi da kyau. Idan hannayensa gajeru ne masu kauri, jikinsa fari ko ruwan toka, yana tafiya a hankali kamar ma'aikacin da aka biya tun da safe, to wannan shi ne wanda muke magana. Gansakuka yake lashewa, gilashinka yake wanke maka. Idan duhu gare shi da ɗige-ɗige, kuma kullum a kan murjaninka, wannan mai rai da yake tsirowa a kan dutse, kake samunsa, ka sa masa ido, irinsa ba su cika gaskiya ba. Idan kuwa siraran hannaye ka gani kamar zare suna leƙowa daga rami suna kaɗawa, wannan wani dangi ne daban. Ƙyale shi. Ba ya fitowa fili, kuma abin da surukarka ba ta gani ba, babu shi.

Mataki na 2: Ka ƙirga hannayen kafin ita ta ƙirga

A hoton yara, tauraro hannu biyar gare shi. Na tanki bai taɓa ganin hoton ba. Za ka samu mai huɗu, mai shida, mai bakwai, mai uku dogaye da biyu 'yan tsigil. Kai wannan bai dame ka ba. Ni ma bai dame ni ba, har ranar da Inna Latinka ta taho da madubin da take ƙara wa rubutun magani girma da shi.

Ka san dai yadda muke a ƙasar nan. Furen mai rai, adadin mara ake kai masa: uku, biyar, bakwai. Cika kuwa, biyu ko huɗu ko shida, na maƙabarta ne. Ka kai wa mace fure shida ka ga ko ba da tsintsiya za ta rako ka ba. To Inna Latinka ba a fure kawai ta tsaya ba. Ko ƙwai ba ta yarda a ajiye mata biyu a faranti.

Ta kara madubin a gilashi, leɓenta yana motsi. Sai ta juyo.

"Kai mai walda, zo nan. Nawa ka gani?"

"Tauraro ne, Inna."

"Ban tambaye ka sunansa ba. Hannayen nawa?"

"Kamar shida."

"Kamar? Shida ne cif. Wa kake wa jana'iza a gidana?"

A nan sai ka san tarihin gidan da ka shiga. Mijinta Panayot masunci ne. Teku ya tafi da shi tun Denitsa tana rarrafe, ba a samu ko hularsa ba. Babu kabari. Duk shekara Inna Latinka takan je bakin gadar ruwa ta jefa jajayen furanni biyu, har gwiwoyinta suka daina yarda da matakala. Hotonsa yana rataye a bango daidai saman tankina, yana riƙe da wani ƙaton kifi, ana ganin yatsan nan nasa da igiyar koma ta cinye rabi. Tun ranar da na hau da tankin take cewa, "Teku ya ci mini miji, kai kuma ka ɗauko shi ka hau da shi bene ka ajiye mini a falo."

Ranar ta yanke hukunci. Farkon babban azuminmu na Kirista ne, wanda ba a cin nama ko kifi. Ta ce kafin Lahadin furanni, ranar da duk mai sunan fure irin Latinka yake bikin sunansa kowace shekara, ranar da gidan zai cika da baƙi, idan ido ya sake ganin mai hannu cika a gilashin nan, tanki ya sauka ƙasa.

"Kifayen fa, Inna?"

"Ranar ai an yarda a ci kifi," in ji ta. "Ina da mai, ina da kasko."

Na dubi Denitsa ta sa baki. Ta ce ta bar wake a wuta.

Mataki na 3: Kada ka yi mata bayani

Za ka ji zuciyarka tana ce maka ka fahimtar da ita. Danne ta.

Gaskiyar ita ce, waɗannan halittu ba aure suke yi ba. Idan tauraro ya ƙoshi, sai ya ja jikinsa gabas da yamma ya tsage gida biyu. Kowane rabi ya kama hanyarsa, ya tsiro da sababbin hannaye yadda ya ga dama. Shi ya sa ba su daidaita. Ba alama ba ce, ba saƙo ba ne, ƙoshi ne kawai.

Na tsaya na zuba mata wannan tiryan-tiryan, har da kwatance da burodi. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba yi ba. Sannan ta ce, "Wato ɗaya ya zama biyu?"

"Haka ne, Inna."

"Biyu cika ne ko mara?"

Ka ga inda ilimi ya kai ni. Na shiga da matsala ɗaya, na fito da biyu. Ka sani, tsohuwar da ta ƙi abu ba hujja take jira ba, ƙarin makami take jira.

Mataki na 4: Ka nemi hantsaki

Ka ɗauki na matarka, wanda take gyara gira da shi, ka mayar kafin ta nema. Da safe kafin ka fita aiki, lokacin da taurarin suke baje a gilashi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai biyar, bar shi. Mai bakwai, gaishe shi. Mai huɗu da mai shida, cire su ka zuba a kwalbar ruwan gishiri ka kai wa duk wanda ka tsana da yake da tanki.

Kada ka yi sauri. Wani za ka ɗauka mai biyar ne, ashe ya naɗe ɗaya a ƙarƙashinsa. Wani kuma yau biyar ne, mako mai zuwa ya tsiro da na shida ba tare da ya shawarci kowa ba. Aikin nan ba ya ƙarewa, kamar tsatsa a cikin jirgi. Ka goge nan, ta fito can. Amma aƙalla surukarka za ta gan ka a durƙushe, kuma babu abin da yake sanyaya ran suruka kamar ganin mijin 'yarta a durƙushe.

Mataki na 5: Idan Gocho ya ba ka shawara, ka tambaye shi ko yana da tanki

Kowa yana da Gocho. Nawa tare muke walda, kansa ya fi tukunyar gas ƙarfi. Muna cin burodi da cuku a hutun rana na ba shi labari. Ya daina tauna ya dube ni.

"Kai Trifon, wane irin sakarai ne kai? Ma'aikacin da yake wanke maka gilashi kyauta shi kake kora? Shida a cire ɗaya nawa ne?"

"Biyar."

"To? Ba ku da almakashi a gidan ne?"

Maganar ta zauna. Lissafi ne tsaf, ba inda ya karkace. Washegari na fara da babban cikinsu, wani mai ruwan toka da ya kai maɓallin riga, wanda ya fi kowa son tsakiyar gilashi. Na ɗora shi a cokali, na datse hannu ɗaya, na mayar da shi. Biyar. Na bi sauran masu shida da masu huɗu na yi musu aski. Guntayen na bar su suka nutse, na ce kifi zai ci.

Kifi bai ci ba. Abin da Gocho bai sani ba, don ko gwangwanin kifi ba ya iya buɗewa, shi ne duk guntun da ya tafi da ɗan naman tsakiya ba mutuwa yake yi ba. Tashi yake ya zama tauraro. Da farko hannu ɗaya, wato mara, ba laifi. Sai ya tsiro da uku. Ɗaya da uku kai ma ka iya. Kafin azumi ya yi nisa gilashina ya koma kamar an watsa masa shinkafa.

Na je na samu Gocho. Ya ce, "To ai ka samu ƙarin ma'aikata. Godiyarka ke nan?"

Laifin nasa ne gaba ɗaya, kuma na gaya masa a gaban mutane. Amma kada ka jefar da wannan mataki. Ka yi shi. Za ka ga dalili a gaba.

Mataki na 6: Ranar biki, ka shirya fage

Ka tashi da wuri ka kankare gilashin gaba tas, mai cika da mai mara duka, yau ba ranar adalci ba ce. Ka jefa ɗan abinci a bayan duwatsu don waɗanda suka tsira su taru can. Madubin surukarka ka saka shi a aljihun rigar aikinka, in ta tambaya ka taya ta nema. Kujerarta ka juya ta ta ba tanki baya, ka ce saboda hasken taga. Baƙi za su yi ta shigowa da furanni, ranar suna ai ba a gayyata. Duk wanda ya miƙo, ka karɓa ka jera a gaban tankin har ya zama daji.

Ni haka na yi. Denitsa ta gan ni ina jera tulunan fure ta ce, "Yau kuma ladabi ya sauko maka?"

"Don Inna nake yi."

"Don Inna. Hantsakina kuma don wa yake warin teku?"

Kada ka amsa irin wannan. Ka ɗauki faranti ka wuce.

Komai ya tafi daidai. An ci wake, an ci kifin da aka sayo a kasuwa, ba nawa ba, an ɗaga kofuna an yi wa Inna Latinka fatan tsawon rai. Abu ɗaya na manta, kuma kai kada ka manta: surukarka tana da ƙawa. Tamu Goggo Stoyna ce ta hawan ƙasa. Tun suna 'yan mata suke tare, kuma tun lokacin kowace take jiran ta ga abin kunyar ɗaya. An yi mata aikin ido bara, yanzu tana hango ƙuda a ƙetaren titi.

Ta tashi wai za ta shanshana fure. Ta ture tulu ɗaya gefe. Sai na ji ta ja numfashi irin na wadda ta tsinci abin da ta daɗe tana nema.

"Latinka! Ƙawata, zo ki ga abin da surukinki ya tanadar miki ranar sunanki."

Babban ne. Mai ruwan tokan nan da na fara yi wa aski. Ya bar abincin da na zuba, ya hau tsakiyar gilashi ya baje. Hannun da na datse ya sake tsirowa, ɗan dungu, bai kai rabin sauran ba. Amma hannu ne.

"Ɗaya, biyu, uku," in ji Goggo Stoyna da ƙarfi, don na kicin ma su ji, "huɗu, biyar, shida. Ayya. Ni dai ban ce komai ba. Amma a gidanmu in aka ga haka, akan fara tambayar wa ake kira."

Mataki na 7: Idan an kama ka, ka rufe bakinka

Wannan shi ne mafi wuya, kuma shi ne ya fi kowanne aiki. Kada ka ce tsagewa suke yi, kada ka ce Gocho ne, kada ka ce biyar da rabi ne. Ka tsaya kamar ƙarfen da aka kafa.

Inna Latinka ta dafa tebur ta miƙe, ta taka a hankali har gaban tankin. Ba ta dube ni ba ta miƙo hannu.

"Madubina. Yana aljihunka na hagu."

Na ba ta. Ta kara a gilashi. Ta daɗe. Ni kuwa a raina har na fara tunanin ta wace kwana za mu bi da tankin a matakala, da wanda zai kama ɗaya gefen, don Gocho ba zai taɓa mini kaya ba.

Sai ta ɗaga kai ta dubi hoton da ke sama. Ta sake duban gilashi. Ta sake duban hoton.

"Denitsa, zo. Dubi hannun nan na ƙasa."

"Na gani, Mama. Gajere ne."

"Yanzu dubi yatsan ubanki."

Denitsa ta duba, ta rufe baki da tafinta.

Goggo Stoyna ta ce, "Haba Latinka, shida fa ne. Na matattu."

"Na ji ki, ai ba kurma ba ce ni. Na matattu ne. To gidan nan ba shi da mamaci ne? Wa nake da shi a teku in ba Panayot ba? Shekara nawa ban iya sauka na kai masa furensa ba? Mutumin ya gaji da jira ya hau bene da kansa, ranar sunana, ke kuma kina tsaye kina ƙirga masa yatsu." Ta gyara ɗankwalinta. "Naki mijin yana kwance a maƙabartar bayan tashar mota, ko sau ɗaya ya taɓa leƙo ki?"

Goggo Stoyna ta koma ta zauna, ta ce kifin gishiri ya yi masa yawa.

A nan harshena ya yi ƙaiƙayi. Na san dutsen nan daga wani teku mai zafi aka kawo shi, can wata duniya, inda Panayot bai taɓa jefa koma ba. Na san kuma wanda ya yi dungun, da irin almakashin. Na buɗe baki. Denitsa ta taka mini ƙafa da dunduniyar takalmin bikinta. Na rufe.

Inna Latinka ta zare jajayen furanni biyu daga tulu, ta sa su a kofin ruwa, ta ajiye a kan murfin tankin. Ta tsaya kaɗan tana kallon abin nan yana lasar gilashi.

"Har yanzu ci ne a gabansa," in ji ta. "Kai mai walda, juyo mini da kujerata."

Yanzu ka gane amfanin mataki na biyar. Duk wanda ya tambaye ka, ka ce da gangan ka yi. Ni haka nake cewa.

Mataki na 8: Ka ci nasararka a tsaye

Tanki ya zauna, kamar yadda na yi maka alkawari. Sauran ƙananan abubuwa ne.

Kujerar da nake zama in kalli kifayena in na dawo aiki ta zama tata. An karɓe hantsaki, an kulle almakashi a durowa. An hana cire kowane tauraro, mai cika ko mai mara, don ba a san wanne ne ɗan rakiyar Panayot ba. Jirgin ai ba shi kaɗai ya tafi da shi ba. Sun yi yawa har sai na leƙa ta gefe nake ganin kifi. Wani mai duhu da ɗige-ɗige ya hau kan murjanin da na fi so yana ci. Na kai ƙara.

"Inna, wannan fa ɓarna yake yi."

Ta kara madubi. "Wannan ƙaninsa ne. Da ma haka yake, ko a gidan mutane ba ya jira a zuba masa. Ƙyale shi."

Kwanan baya babban ya ƙoshi ya tsage biyu. Na ce yau kam za a yi ta. Ta duba rabin nan, ta duba wancan, ta ce da ma ta daɗe tana zargin Panayot yana da wata mace a can garin Varna. Ranar ba ta gaishe shi ba. Washegari ta sauya masa fure.

Goggo Stoyna kuwa ta tare ni a matakala, ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce a hankali ko zan samo mata ɗan ƙaramin tanki. Marigayi mijinta direban bas ne, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na ce zan duba.

Sanarwa

Ni Trifon tanki kawai na ce zai zauna, ban ce zai ci gaba da zama naka ba. Idan surukarka ba ta da kowa a teku, ko nata yatsunsa goma cif ya tafi da su, wannan tsakaninka da ita ne. Idan murjaninka ya ƙare, ko matarka ta gano abin da aka yi da hantsakinta, ko kifinka ya kwana a kasko, kada ka hau mini bene, ba zan buɗe ba. Mai ƙorafi ya nemi Gocho a wurin aiki lokacin hutun rana. In kuma ka zo ganin tankin ne, ka taho da fure uku na Inna da biyu na Panayot, a hannu daban-daban. Kada ka kuskura ka haɗa su, ko da yake biyar ne. Na gwada.